Bitar Aikin Masu Bindigar Toka da Muka Gayyata Bikin Naɗi a Kaduna

Duk wanda aka ɗora wa nauyin shirya bikin naɗin sarauta a Kaduna zai tarar cewa akwai hidimomin da ba a samun bayaninsu a rubuce, sai dai a bi ta bakin waɗanda suka riga suka yi, kuma gayyatar masu bindigar toka tana cikin irin waɗannan. Masu hayar rumfa da kujeru suna da shaguna a bakin titi, masu dafa abinci suna tallata kansu a Facebook da WhatsApp, amma masu bindiga sai an san wanda ya san su. Wannan bita ce ta aikin wata ƙungiya ta masu bindigar gargajiya da danginmu suka gayyato daga wani gari a kan hanyar Zariya, lokacin da hakimi ya naɗa wa baffanmu rawani, ni kuma aka wakilta ni in tsaya a kan sha'aninsu tun daga ciniki har zuwa sallama. Ra'ayina shi ne aikinsu ya ci kuɗinsa, amma ba kowane gida ne ya kamata ya gayyace su ba, kuma ba kowace unguwa ce a Kaduna za ta iya ɗaukar ƙarar bindiga a wannan zamani ba.

Ciniki da su ba shi da wahala, sai dai yana da rassa da ya kamata mutum ya sani tun da wuri. Ana yanka farashi ne bisa yawan mutanen da za su zo da yawan harbin da ake so, sannan kuɗin albarushi daban, kuɗin motar da za ta ɗauko su ta mayar da su daban, abincinsu kuma yana kan mai biki. Suna karɓar kafin alƙalami domin su sayi albarushi, ragowar sai bayan an tashi, kuma abin da jama'a suka liƙa musu a fili nasu ne, ba ya shiga lissafi. Idan aka haɗa duka, kuɗin ya ɗara na makaɗa matsakaita, amma bai kai na hayar dawaki da kayan adonsu ba. Abin da ya fara sa na amince da su shi ne shugabansu, wani dattijo mai sanyin magana wanda yaransa suke kira Sarki, bai yarda mun fara da zancen kuɗi ba. Ya ce, "Alhaji, kafin mu zo kan farashi, faɗa mini wanda ya san za a yi harbi a unguwar nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai hakimi ne da kansa zai yi naɗin." Sai ya ce sanin hakimi bai wadatar ba: dole ofishin 'yan sanda na yankin ya samu takarda, mai unguwa ya zagaya, limaman masallatai su sanar bayan salla, kuma idan akwai coci ko makaranta ko asibiti a kusa, a je musu takanas. Ya ƙara da cewa idan ba a yi haka ba, ko an biya shi cif ba zai sauke bindiga daga mota ba.

Daga nan ya buɗe wata tsohuwar jaka ya nuna mini takardun lasisin bindigoginsu, kowace da sunan mai ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa bindigar toka ba ta cikin lissafin hukuma tunda maƙerin ƙauye ne ya ƙera ta. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙin wannan sha'ani, ta raba bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin su bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa; akwai bindigogin farauta na zamani, irin mai baki biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda; sai waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da danginta, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da lasisinsu. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, saboda haka ƙungiyar da take da takardunta tun da can ta fi wadda za ta ce maka tana kan nema.

Takardun suna da wani amfani a kan hanya. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, taron jama'a ya kashe mafarauta 16 'yan Arewa da suke kan hanyarsu ta komawa Kano daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin toka a cikin motar da ta ɗauko su. Tun daga lokacin, duk mai tafiya da irin wannan kaya ya san cewa ransa yana iya rataya a kan abin da zai nuna a shinge. Sarki ya sa an naɗe bindigogin a cikin buhuna, babu ɗuri a cikin ko ɗaya, kuma wasiƙar gayyatar hakimi tana aljihun direba. Mai biki da ya ƙi rubuta musu irin wannan wasiƙa ya jefa su cikin haɗarin da bai kamata ya jefa kowa ba.

Ranar biki sun zo su goma sha wani abu, sanye da riguna iri ɗaya, da guraye a damtse da layu a ƙirji irin na maharba. Kafin a fara harbi, Sarki ya karɓi bindigogin ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa bakin kowace, ya gwada kunamarta, ya girgiza ƙotar ya ji ko ta yi sako-sako, har ya ware guda ya ce a mayar da ita mota domin ya ga alamar tsaga a jikin ƙarfenta. Tsarinsu shi ne mutum ɗaya ne yake riƙe albarushi, shi yake auna wa kowa da ma'auni guda, kuma ba a sa harsashi ko gutsuren ƙarfe ko tsakuwa, albarushi ne da tsumma kawai. Suna tsayawa ne a gefen fili nesa da rumfuna, su ba jama'a baya, bakin bindiga yana kallon sama, kuma ba wanda yake taɓa kunama sai Sarki ya ɗaga sandarsa. Sun yi harbi lokacin da hakimi ya fito, da lokacin da aka gama naɗa rawani, da lokacin da baffa ya hau doki aka raka shi gida. A harbin naɗin ne na gane dalilin da ya sa tsofaffi suke cewa naɗi bai cika ba sai bindiga ta yi magana: ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya turnuƙe, algaita ta shiga, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, kuma dattawan da suka ga hawan Sallar Zazzau tun suna yara suka miƙe tsaye ba tare da kowa ya ce su tashi ba.

Sau ɗaya wata bindiga ta ƙi tashi. Mai ita bai juyo da ita ya leƙa bakinta ba, wanda shi ne kuskuren da yake raba mutane da idanunsu da yatsunsu. Ya ci gaba da riƙe ta tana kallon sama na tsawon lokaci, sannan ya ja gefe aka ɗura mata ruwa. Malamanmu suna ba da labarin yadda Sarkin Gobir Yunfa ya nufi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da bindiga a Alƙalawa, wutar ta dawo ta ƙone shi, kuma ko ba a shiga zancen karama ba, duk wanda ya rayu da irin wannan makami ya san cewa yana iya juyowa kan mai shi. Natsuwar da na gani a wannan ɗan lokaci ita ce ainihin abin da mai biki yake saye da kuɗinsa.

Wannan tsari, na a samu mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kan kowace bindiga, ba Sarki ne ya ƙirƙiro shi ba, gado ne ya tarar, kuma a nan ne darajar hidimar ta wuce nishaɗi a ganina. Bindiga ta shigo ƙasashenmu ne ta ƙofar fada. A Barno, Mai Idris Aloma ya samu masu bindiga Turkawa a ƙarshen ƙarni na 16, ya kuma sa aka horar da bayinsa a kan harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wajen 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye masu bindiga a cikin masu tsaronsa. Duk da haka, doki da mashi da takobi da baka su ne suka ci gaba da raba gardama a fagen fama. A Tabkin Kwatto a 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Bindiga tana da tsada, albarushi mai kyau sai an kawo daga nesa, ɗuri yana cin lokaci, saboda haka barade ba su ɗauke ta makamin girma ba, aka bar ta a hannun bayin sarki, ana ba su ana karɓa.

Ba zan ce wannan tsari bai taɓa cutar da talaka ba. Masu tarihin Zazzau sun rubuta cewa Sarki Yero, a shekarun 1890, ya tara rundunar bayi masu bindiga, kuma jama'a sun sha wahalarsu. Amma ko a nan, kowa ya san na wa ne, ya san ƙofar da laifinsu yake komawa. A waɗannan shekaru ne kuma Turawa suka rufe ƙofar makamai a kan Afirka: yarjejeniyar da suka ƙulla a Burusel a 1890 ta hana sayar wa yawancin nahiyar bindigogin zamani, ta bar mata tsofaffin bindigogi masu tashi da dutsen ƙanƙara da albarushin kasuwa. Rabe ya ci Barno a 1893 da ƙarfin bindiga, amma da sojojin Lugga suka zo da bindiga mai ruwan harsashi ta Maxim, ganuwar Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta biyo baya a Giginya a watan Maris, sannan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Daga nan bindigar yaƙi ta koma hannun gwamnati ita kaɗai, ta toka kuma ta rage wa mutum biyu: maharbin da yake neman nama yana kare gona daga gwanki da biri a ƙarƙashin sarkin maharbansa, da mai bindigar fada da yake harba wa sarki a ranar hawa.

Kaduna ita kanta 'yar wannan tarihi ce. An gina ta ne a matsayin mazaunin soja da gwamna, aka dawo da hedikwatar Arewa cikinta daga Zungeru a 1917, kuma a cikinta aka kafa makarantar horar da hafsoshin soja da masana'antar ƙera makamai ta ƙasa da ke Kakuri, dukansu a 1964. A nan aka yi babban hawan da aka shirya wa Sarauniyar Ingila a 1956, aka sake yin wani a lokacin bikin al'adun baƙar fata na 1977, inda masarautun Arewa suka zo da dawakinsu da masu bindigarsu. Mutumin Kaduna ya tashi ne yana ganin bindiga a hannun mai kaki ko a hannun mai rakiyar sarki, kuma ganinta a hannun wani daban sabon abu ne da shekarun baya-bayan nan suka kawo.

Na daɗe a kan wannan ne domin muhawarar mallakar bindiga da ake yi yanzu a gidajen rediyon garin nan da majalisun bakin titi tana yawan aro hujja daga Amurka, alhali tushen tasu al'adar daban ne da namu. A can, bindiga ta shiga ne ta ƙofar gidan kowane baƙo Bature da ya je ya kama ƙasa: da ita ya yi farauta, da ita ya ƙwace filayen 'yan asalin ƙasar, da ita aka yi sintirin tsare bayi a jihohin kudu. Yaƙin neman 'yancinsu ya ɓarke ne a 1775 lokacin da sojojin Ingila suka fita ƙwace makaman da mazauna suka tara a Concord, shi ya sa a 1791 suka sa haƙƙin riƙe makami a cikin tsarin mulkinsu a matsayin gyara na biyu, suka ɗaure shi da buƙatar rundunar sa-kai mai tsari. Wata doka ta 1792 har wajabta wa kowane farar fata namiji mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ta yi ya tanadi bindigarsa. Masana'antu irin na Samuel Colt, wanda ya yi rajistar ƙaramar bindigarsa mai juyawa a 1836, da yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, suka cika ƙasar da makamai masu araha. Ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, wato NRA, da aka kafa a 1871 domin koyar da iya harbi ta rikiɗe ta zama babbar rundunar siyasa daga 1977.

Amurkawa su ma sun yi ta ƙoƙarin ja wa abin linzami: dokar 1934 a zamanin 'yan daban birane, dokar 1968 bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, dokar binciken mai saye ta 1993, da haramcin wasu manyan bindigogi na 1994 wanda ya ƙare a 2004 ba a sabunta shi ba. Amma a 2008 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa riƙe bindiga a gida haƙƙin mutum ne shi kaɗai ko ba ya cikin wata runduna, a 2022 kuma ta faɗaɗa haƙƙin zuwa ɗaukarta a bainar jama'a. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙiyasta a 2018 cewa fararen hula a Amurka suna riƙe da bindigogi miliyan 393, wato kusan 120 ga kowane mutum 100, kuma a 2021 sama da mutum 48,000 suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar, fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. A makarantar Sandy Hook a 2012 an kashe yara 20 da manya 6, amma majalisar tarayyarsu ta kasa yin sabuwar doka a lokacin. Birtaniya kuwa, bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, ta haramta ƙananan bindigogin hannu a 1997, Ostireliya kuma ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata bayan kisan mutum 35 a Port Arthur. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma gemun Amurka ya daɗe yana ci.

Ba na raina masu cewa a bar talaka ya ɗauki makami, domin ba daga littafi suka samo maganarsu ba. Mutanen jihar nan sun ga an kwashe ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, sun ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris na 2022, sun ga an kora 'yan makarantar Kuriga zuwa daji a watan Maris na 2024, kuma hanyar Birnin Gwari ta shafe shekaru tana cin rayuka. Janar T. Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu a Jalingo a 2018, Gwamna Aminu Masari ya faɗi irin haka a Katsina a 2021, gwamnatin Zamfara kuma ta umarci jama'arta su nemi lasisin bindiga a watan Yuni na 2022, har babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Manomin da aka sa wa haraji kafin ya girbe gonarsa yana da haƙƙin ya tambayi wanda zai kare shi, kuma duk wanda ya amsa masa da karanta sashen doka kawai bai yi masa adalci ba.

Sai dai abin da muka gani da idonmu ya nuna cewa yawan bindiga ba shi ne yake raba alheri da sharri ba, wanda yake amsa tambaya a kanta ne. Maharban Adamawa da suka taimaka aka ƙwato Mubi daga Boko Haram a 2014 sun fita ne a ƙarƙashin shugabanninsu, tare da jami'an tsaro. 'Yan sa-kai a Zamfara kuwa, da suka riƙa kashe mutane a kasuwanni bisa zargi ba tare da kowa ya tuhume su ba, sun ƙara wa rikicin fetur ne, har ramuwar gayya ta zama sana'a. Tambayar ta hau kan gwamnati ma: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce akwai bindigogin AK-47 sama da 88,000 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayanin inda suke ba. Makamai sun kwararo daga Libiya bayan 2011, ƙasashen ECOWAS suna da yarjejeniyar ƙananan makamai tun 2006, Nijeriya ta kafa cibiyar taƙaita su a 2021 ta kuma ba ta doka a 2024, amma duk waɗannan ba su kai ga abin da dattijon nan yake yi da sandarsa ba, wato ya san adadin bindigogin da suka fito, ya san mai riƙe da kowace, ya ƙirga su kafin a koma mota.

Wannan yabo ba zai hana ni faɗin aibobin da na gani ba, kuma wasunsu manya ne. Sun iso a makare, har aka jinkirta fitowar hakimi, wanda ba ƙaramin abin kunya ba ne ga masu gida. Motar da suka zo da ita ta yi musu kaɗan, mutane da bindigogi da albarushi duk a cunkushe wuri guda. Sun ajiye albarushin a cikin jarkar roba a inuwar wata bishiya da ba ta da nisa da injin janareto, sai da aka yi magana suka matsar. Ba su zo da ko da akwatin magani na ƙuna ba, alhali hannayen da yawansu suna ɗauke da tabon wuta, kuma babu mai toshe kunne a cikinsu, abin da ya sa manyansu sai an ɗaga murya suke ji. Mafi muni shi ne lokacin rakiya, da samarin unguwa suka fara liƙi suna zuga su, wani matashi a cikinsu ya faki idon mai awo ya ƙara albarushi domin tasa ta fi ta kowa ƙara. Sarki ya gane daga sautin, ya karɓe bindigar nan take ya tura shi mota, kuma na yaba da hakan, amma da ƙarfen ya fashe, akwai yara a kusa. Tsarin da ya dogara ga kunnen dattijo ɗaya yana da rauni, domin ranar da ba ya nan, ban ga wanda yaran za su ji tsoronsa kamar shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai faru a fili ba. A bayan layinmu akwai iyalai da suka baro ƙauyukansu a Birnin Gwari da Chikun suna haya a ɗakuna ɗaiɗai, kuma sanarwar masallaci ba ta isa ga matan da ke cikin gida ba. Da aka yi harbin farko, wata baiwar Allah ta saɓi jaririnta ta ja sauran 'ya'yanta ta fita da gudu ba takalmi, sai da maƙwabta suka tare ta suka rantse mata cewa biki ne. Ƙarar da ta sa dattawanmu miƙewa don murna ita ce ta mayar da wannan mata daren da aka ƙone garinsu. Da na faɗa wa Sarki bayan an tashi, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, a kai ni in ba ta haƙuri." Ya je har ƙofar gidan, ya yi sallama, ya tsaya daga waje ya ba mijinta haƙuri, kuma ya ciro wani abu daga kuɗin liƙi ya ba yaran. Hakan ya ƙara masa girma a idona, amma bai goge abin da ya faru ba. Ya kamata ƙungiyar ta mayar da shi sharaɗi cewa a tura mata su shiga gida-gida su sanar, kuma makaɗa su daɗe suna kiɗa kafin harbin farko, domin kunne ya riga ya san cewa taron farin ciki ne.

Saboda haka ina ba da shawarar wannan hidima ga mai naɗin sarauta ko hawa da za a yi a fili mai faɗi da rana tsaka, inda hukuma ta sani kuma unguwa ta sani. Ba na ba da shawararta ga bikin aure ko suna a cikin lunguna masu cunkoso irin na Rigasa ko Tudun Wada ko Unguwar Shanu, inda gida yake manne da gida kuma gudun mutum ɗaya yana iya zama turmutsutsu, haka kuma ba na ba da ita ga taron siyasa ko wane iri, domin a can ba a rasa mai neman dalili. Wanda ya yanke shawarar gayyatarsu ya nemi ganin lasisi da idonsa, ya rubuta adadin harbi da lokutansa a gaban shaida, ya hana liƙi a kusa da masu ɗuri, ya tanadi ruwa da mota a shirye, ya kuma ɗauki nauyin mota ta biyu domin albarushi ya yi tafiyarsa daban. A lokacin hunturu, da ciyawa ta bushe kuma iska take kaɗawa, a duba inda tsumman da ke fita daga bakin bindiga zai sauka, domin yakan fito da wuta a jikinsa. Sarki ba ya yarda a yi harbi bayan magariba ko nawa za a ba shi, kuma a makon Ƙaramar Salla da na Babba ba a samunsu sam, domin suna wajen hawan sarakunansu, saboda haka mai son su a kusa da waɗannan lokuta sai ya yi magana da su tun da sauran wata guda ko fiye.